Gidajen abincin unguwa: ina hoce, ina miyar sure?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan gidajen abincin nan na zamani da ke ta buɗewa cikin unguwanninmu a Sakkwato. Ni malamar firamare ce, shekarata 26 ina riƙe da alli, kuma da kuɗin tuwo aka yi mini karatu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta kusa shekara 30 tana sayar da tuwo a bakin tasha. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san ba daga nesa nake hango sana'ar ba, a gindin murhunta na tashi.

A ƙarshen watan Afrilu ɗana na fari ya karɓi albashinsa na farko. Na zaci atamfa zai sayo mini kamar yadda aka saba, sai ya ce shi dai burinsa ya kai amaryarsa cin abinci waje. Amaryar ita ce Inna, don tun yana goye take kiransa Maigida. Akwai wani gidan abinci da aka buɗe bara nan Mabera, ba nisa da gidanmu, amma gwiwoyin Inna ba su ɗaukar tafiya yanzu, dole muka tari keke. Mu huɗu ne, har da autata. Bayan sallar isha'i muka fita, don wanda ya san Afrilun Sakkwato ya san zafi kan haura digiri 40 da rana, kuma ko da dare bango bai gama huce wa ba.

Shago biyu ne aka fasa bangon tsakiya aka haɗe. An sa ƙofar gilashi, an shimfiɗa tayil fari, tebur takwas na ƙirga. Daga ciki an kewaye wani sashe da katako don iyali, inda mace za ta ɗage niƙabinta ta ci abinci hankali kwance. Kusa da ƙofa akwai wurin wanke hannu da famfo da sabulu. Da muka iso bakin ƙofar sai Inna ta tsaya, ta dafa kafaɗar jikanta, ta fara cire takalmi. Ya ce, “Amarya, ba a cirewa nan.” Ta dubi tayil ɗin ta ce, “Wuri mai tsabta hakanga za ni taka da ƙurar hanya?” Da ƙyar ta yarda ta mayar. Sanyin da ya buge mu da shigarmu ya sa ta ja mayafinta ta rufe kafaɗu, tana ta salati.

Yaron da ya zo ɗaukar abin da za mu ci yana da ladabi, wannan ba zan rage masa ba. Ya russuna ya gaishe ta, ya ce “Sannu da zuwa, Hajiya Kaka,” ya miƙa mana takardar jerin abinci mai sheƙi. Inna ajami take karantawa, ba ta yi boko ba, sai ta turo mini. Na duba daga sama har ƙasa, duk da Turanci aka rubuta. Ga jalof, ga soyayyar shinkafa, ga taliya, dankalin Turawa da ƙwai, shawarma iri uku, kaza, farfesun kayan ciki, sakwara da miyar agushi. Can ƙasa, layi na ƙarshe, tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina karanta mata tana girgiza kai, har na kai ƙarshe. Sai ta ɗago ta dubi yaron ta ce, “Ɗana, ba ku da hoce? Ko tuwon dawa da miyar sure?” Ga wanda ba ɗan nan ba, hoce garin dawa ne da ake jiƙawa a gasa, sure kuma shi ne yakuwa.

Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, ai wanga sai ƙauye. Ba mu yin shi nan.”

Bai faɗa da raini ba, na tabbata. Yaro ne ɗan garin nan, harshensa ya nuna, kuma ina kyautata zaton da hocen aka yaye shi. Amma kalmar nan ta ƙauye ta tsaya mini a rai har yau, ita ce ta sa na ɗauki biro. A tsakiyar Birnin Shehu, ɗan Sakkwato yana gaya wa tsohuwar Basakkwata cewa cimakar da ta ciyar da garin nan ta ƙauye ce. Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, wurinmu ya ji ta.

Kafin in ci gaba, bari in ba wurin haƙƙinsa, don ba ɓatanci na zo yi ba. Jalof ɗin da na ci ta yi daɗi ƙwarai, shinkafar ta dahu warwar, ba ta caɓe ba, tattasai da tarugu sun ji suya. Kazar da aka kawo wa autata ta gasu har ƙashi. Zoɓon akwai citta da kanumfari, kuma ba a cika masa sukari ba. Babu ƙuda ko ɗaya. Na leƙa bayan gida na tarar da buta biyu cike da ruwa da tsabtar da ba kowane gidan aure ake samu ba. Akwai ɗan lungu da darduma ga wanda sallah ta riska. A teburin da ke gefenmu wasu 'yan mata uku ne da litattafai, da alama ɗalibai ne, suna cin taliya suna bitar karatu, babu wanda ya ɗaga ido ya dube su. Wani dattijo ya shigo da matarsa da jikoki biyu. Wani ɗan kabu-kabu ya shigo da sauri ya karɓi abinci cikin roba mai murfi zai kai wa wanda ya yi waya. Aka ɗauke wuta muna tsakiyar ci, fitilu ba su ko ƙyafta ba, ashe sola ce a kan rufin.

Inna kuwa tuwon shinkafar nan ta ce a kawo mata. Aka kawo malmala biyu naɗe cikin leda, sun yi gumi. Ta ture cokali gefe, ta yi bisimilla, ta gutsura da hannu, ta murza tsakanin yatsu kafin ta kai baki. Ta ce a hankali, “Bai ji muciya ba.” Ta ɗanɗana miyar ta ce, “Babu daddawa, dunƙule ɗai na.” Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ta ci malmala ɗaya don kada ran jikanta ya ɓaci, tana sa masa albarka.

Ina kallon hannunta a kan farantin nan sai tasha ta dawo mini. Mahaifinmu ya rasu ina aji huɗu, ya bar mu mu biyar. Inna ba ta da gona, ba ta da jari sai tukwane uku da ta zo da su gidan aure. Kafin kiran assalatu ta tashi ta hura wuta. Dawar tun jiya an surfe, an wanke, an shanya, an kai niƙa, ni ke tankaɗe kafin in tafi makaranta. Ta yi talge, ta sa 'yar kanwa, ta tsaya a kan tukunya tana tuƙi da muciyar da ta kai ni tsawo, zufa na zuba, hayaƙin itace na shiga idonta. Miyar sure kuwa da daddawar batso take yi, wadda ake haɗawa da 'ya'yan suren kansa, ta sa gyaɗa ta kashe tsamin daidai yadda ba zai kama haƙori ba. Direbobin Illela da na Wurno da na Isa da na Argungu sun san rumfarta. A lokacin Kebbi da Zamfara duk jiha ɗaya muke, sai a 1991 aka cire Kebbi, a 1996 aka cire Zamfara, saboda haka ma'aikaci daga Gusau ko Birnin Kebbi da ya zo bin takardarsa hedikwata, a tasha yake sauka da yunwa, rumfar Inna yake fara nema. Bashi ba ta rubutawa, a ka take riƙewa, kuma ban taɓa ganin ta kori mai jin yunwa don ba shi da ko kwabo ba. Ƙanzon tukunya na almajirai ne, sun san lokacinsa.

Da wannan tukunyar ta kai ni Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ta aurar da ƙannena mata biyu, ta yi wa ƙanena jarin gyaran babur. Abin da garin ya saka mata da shi kuwa suna ne: mai tuwo-tuwo. Kowa ya san abin da ake nufi idan aka faɗe shi da wata irin murya. Akwai wanda ya nemi aurena, magana ta yi nisa, har aka sa ranar kawo kaya, sai gwaggonsa ta ce zuriyarsu ba ta auren ɗiyar mai tuwon tasha. Ranar Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi da asuba kamar kullum ta ɗora tukunya. Yau idonta na hagu ba ya gani sosai, likita ya ce hayaƙin shekara da shekaru yana cikin abin da ya taimaka.

Shi ya sa idan na ji masu sukar waɗannan sababbin gidajen abinci ba na iya yin shiru. A ɗakin malamai wani abokin aikina, mutum mai karatu wanda nake girmamawa, ya ce wuraren nan suna lalata mata, sun sa ba a son girki, kuma mutumin kirki ba ya cin abinci a waje. Na san inda maganar ta samo asali. Malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a tsakiyar kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum muru'a, har ya iya taɓa karɓar shaidarsa. Amma ina ganin abin da suke nufi shi ne mutum ya tsaya a bainar jama'a yana tauna ba kunya, ba wanda ya shiga wuri mai sutura ya zauna ya yi bisimilla ba. Kuma garin ya canza. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana aiki, ɗalibin Jami'ar Danfodiyo da iyayensa ke Zuru ko Yawuri, magidancin da matarsa ke jego a gidansu, mai gadin da ba ya barin ƙofa, duk ciki gare su. Da can irin su Inna ne suka ɗauki wannan nauyi cikin rana da ƙura, aka ci tuwonsu aka zage su. Yanzu sana'ar ta samu gilashi da suna mai kyau, 'ya'yan manya na yin ta suna sa hotonta a Instagram. Ni kam na yi murna. Abin da ke ci mini rai shi ne, da mutuncin ya zo, sai aka bar abincinmu da matan da suka iya shi a bakin ƙofa.

Je ka Ibadan ko Legas ka ga yadda Bayarabe ke shiga wuri mai sanyi da babbar mota don ya ci amala da ewedu da hannu, yana alfahari. Baƙo ya je Kano sai an ba shi gurasa, ya je Bauchi sai an kai shi wurin masa. Mu fa? Mutane na zuwa ziyarar Hubbaren Shehu daga ko'ina, har daga Nijar da Kamaru, ana zuwa taro a jami'a, ana zuwa ɗaurin aure. Baƙon da ya ce a kai shi ya ci abincin Sakkwato a wuri mai tsabta, ina za a kai shi? Shawarmar da za mu ba shi, ya bar wadda ta fi ta a garinsu.

Ko ta fuskar ciniki ma abin bai hau ba. Dankalin Turawa daga Jos ake ɗauko shi, fulawa kuma mafi yawan alkamarta daga ƙasar waje take zuwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 duk abin da ya hau mota ya yi tsada. Gero da dawa kuwa a bayan garinmu ake noma su. Sure ko a bayan ɗaki ka watsa irinsa zai fito. Albasar da ake lodawa a manyan motoci zuwa kudu daga fadamun Rima take fitowa, Goronyo da Wurno da Kware, wanda ya shiga kasuwar Ramin Kura lokacin kakarta ya san ba mu da talaucin kayan miya. Nama ga kasuwar Kara nan, ga jar akuyarmu da duniya ta san fatarta. Abin da muka ci mu huɗu a daren nan ya kama naira 18,500. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan zama ɗaya ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗana ya biya da farin ciki, amma ni na san ba wurin da malamar firamare za ta riƙa zuwa duk wata ba ne. Da akwai tuwon dawa da sure a farashin da ya dace da su, da mutanen unguwar da wurin ke cikinta sun fi shiga. Ga kuma dattawa masu ciwon sukari da likita ya ce su rage farar shinkafa, su ma da sun samu abin taɓawa.

Wajen biyan ma Inna ta sha mamaki. Yaron ya nuna lambar asusu da aka liƙa a jikin kanta, jikanta ya danna waya, aka ce ya shiga. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, har mai ƙosai ta koyi wannan, amma Inna ba ta fita, ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta ce, “To ina kuɗɗin?” Ya ce sun tafi ta iska. Ta ce Allah Ya sa iskar ta san hanya.

Muna shirin tashi sai ta ce a kira mata mai wurin. Na so in hana ta, ta ce in bari. Ashe mace ce, yarinya da ba ta wuce shekara 30 ba. Ta fito daga kicin tana goge hannu, da ta ga tsohuwa sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Ta ce ta gama jami'a ba ta samu aiki ba, ta fara dafa abinci a gida tana tallarsa ta WhatsApp, da kaɗan-kaɗan ta tara ta kama shagon nan, yanzu mutum tara ke ci a ƙarƙashinta. Inna ta sa mata albarka mai tsawo, sannan ta ce, “Ɗiyata, wurinki ya yi kyawo, Allah Shi ƙara buɗi. Amma tuwonki na son muciya, miyarki na son daddawa. Kuma mi ya hana ki yin namu?”

Amsar da yarinyar ta bayar ta gaskiya ce, kuma ya kamata a ji ta. Ta ce tuwon dawa ba ya jure zama cikin gilashin kanta, in ya huce ya yi tauri. Ta ce samari da 'yan mata su ne masu saye, kuma ba su tambayarsa. Abu na uku ta faɗe shi tana sunkuyar da kai: masu dafa mata ba su iya ba, ita ma kakarta ta rasu ba ta koya ba. Hoce dai ta ci tana yarinya, amma ba ta san yadda ake jiƙa garin da yadda ake gasa shi ba.

Sai Inna ta ce a nuna mata madafar. Aka riƙe ta muka shiga. Murhun gas mai kai huɗu, tukwanen ƙarfe na sheƙi, firji biyu, wata fanka a bango tana zuƙe tururi waje. Babu toka, babu baƙin hayaƙi a rufi. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen murhun, ta dubi wutar nan shuɗiya da ba ta hayaƙi, ta ce, “Mu munka sha hayaƙi, ku kunka samu inuwa. Alhamdu lillahi.” Ta sa bakin mayafi ta share ido. Ni da na san abin da ke cikin maganar, sai na juya na fita.

Kirana ga masu irin waɗannan wurare, daga Mabera zuwa Arkilla, Runjin Sambo, Gawon Nama da Gwiwa, ba wai su daina jalof da shawarma ba ne. Autata ma ba za ta yafe mini ba in na ce haka. Matsalolin da yarinyar nan ta faɗa suna da magani. Tuwon da ba ya jure zama, a sa masa lokaci: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko kullum daga magariba zuwa isha'i, a tuƙa a kwashe da zafinsa cikin kwano mai murfi, a bar naɗe shi a leda. Masu saye da ba su tambaya, ai ba a tambayar abin da ba a gani a takarda ba, a rubuta shi a sama, da Hausa, da sunansa. Maganar rashin iyawa kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Babu unguwar da ba ta da irin su Inna, matan da suka ƙare ƙarfinsu a bakin tasha da ƙofar kasuwa da bakin asibiti, yanzu suna zaune a ɗaki sai abin da 'ya'ya suka kawo. A ɗauke su su koyar, a zaunar da su a kujera su riƙa nuni da baki, kuma a biya su kuɗin da ya dace da malami, kada a sallame su da ragowar abinci da na gode. Fura ma haka. Muna da nonon Fulani a bakin gari, muna da gero, amma sai ka ga firji cike da lemun kwalba babu ko kofi ɗaya na fura mai sanyi a garin da ake wuni da ita.

Malmalar da Inna ta rage da sauran kazar autata, ta sa aka zuba a roba. Da muka fito akwai almajirai biyu zaune can gefen kwata, inda hasken gilashin ke ƙarewa. Ta kira ƙaramin ta ba shi, ta ce su raba. Ta tambayi yaron da ya rako mu ina suke kai abin da ya kwana, ya ce wani lokaci ma'aikata ke tafiya da shi, wani lokaci a zubar. Ta ce ya gaya wa uwar ɗakinsa ƙanzo yana da masu shi.

Mai wurin ta karɓi lambar wayata, ta ce za ta turo babbar mai dafa mata gidanmu wata Asabar ta koyi hoce da miyar sure. Washegari Inna ta sa na sayo mata tiya biyu ta jar dawa da daddawar batso, ta sa autata ta ciro tsohuwar muciyarta daga bayan randa ta wanke. Asabar huɗu ke nan. Duk ranar da ta zagayo, tun hantsi take sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta ce kada baƙuwa ta zo ta yi ta sallama ba a ji ba.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Mabera, Sakkwato.